Muhimmancin Ɗumama Jiki da Hucewa a Lokacin Motsa Jiki: Darasi Daga Filayen Wasa na Gombe

1.0 Gabatarwa

Garin Gombe gari ne na masu son wasanni. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Gombe United, wadda aka kafa a 1990, ta girmi jihar kanta da shekara shida, domin kuwa sai ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka fitar da Jihar Gombe daga cikin tsohuwar Jihar Bauchi. A kakar wasa ta 2023/2024, ƙungiyoyi biyu ne daga jihar, wato Gombe United da Doma United, suka fafata a babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya. Ga kuma Gombe Bulls a fagen ƙwallon kwando. Ban da waɗannan manya, da wuya ka sami unguwa, tun daga Jekadafari da Bolari har zuwa Pantami da Herwagana da Tudun Wada, wadda ba ta da filin da samari ke haɗuwa bayan La'asar. Da sassafe kuma akan ga masu sassarfa a gefen titi, wani don rage ƙiba, wani bisa umarnin likita, wani kuma yana shirin neman aikin soja ko na ɗan sanda.

Duk wanda ya saba shiga filin wasa na Pantami da wuri ya san cewa 'yan wasa kan fito tun da sauran lokaci kafin alƙalin wasa ya busa usur, su yi ta 'yan guje-guje da tsalle-tsalle har sai gumi ya keto masu. A filayen unguwa da na makarantu kuwa, abin da na fi gani shi ne mutum ya sauka daga kan babur, ya ɗaure takalmi, ya faɗa fili ya narka wa ƙwallo duka iya ƙarfinsa. Da an tashi kuma sai ya zube ƙasa yana haki, yana neman ruwan leda.

Manufata a wannan maƙala ita ce in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai dalilin da ya sa ƙwararru ke ɓata waɗannan mintoci, da abin da ke faruwa a cikin jiki idan aka tsallake su, da yadda ake yin su daidai. Zan kuma tsaya a kan wasu ra'ayoyi guda biyu da suka yaɗu a filayenmu, waɗanda bincike ya nuna ba haka suke ba.

2.0 Ma'anar Ɗumama Jiki da Hucewa

Ɗumama jiki shi ne motsi mai sauƙi da mutum zai fara da shi, yana ƙara masa ƙarfi sannu a hankali, har jikinsa ya kai matsayin ɗaukar aiki mai nauyi. Yakan ɗauki minti 10 zuwa 20. Hucewa kuwa ita ce kishiyarsa, wato rage ƙarfin motsi mataki-mataki bayan an gama wasa ko atisaye, har numfashi da bugun zuciya su kusa komawa yadda suke a da. Wannan kan ɗauki minti 5 zuwa 10.

Abin ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Ɗan dambe da ɗan kokawa ba sa shiga karawa daga zaune. Sukan kewaya fili, suna taka rawa da kiɗan makaɗa, suna kirari, suna karkaɗa damtse har jiki ya tsumu. Haka nan mai doki da ya san darajar dabbarsa ba ya fito da ita daga barga ya sake mata linzami nan take, kuma bayan sukuwa yakan bar ta ta yi tafiya har ta huce kafin ya ɗaure ta. Abin da kimiyya ta ƙara mana shi ne bayanin dalili, da kuma awo.

3.0 Abin da ke Faruwa a Cikin Jiki

3.1 Zuciya da Jini

Idan baligi yana zaune, zuciyarsa tana bugawa tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, tana kuma tura jini kimanin lita 5 a cikin wannan minti. Daga cikin wannan jini, abin da ke zuwa ga tsokoki bai wuce kashi 15 zuwa 20 cikin 100 ba. Sauran yana tafiya ne ga hanji da hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa. Amma idan aka shiga gudu mai tsanani, jinin da zuciya ke turawa kan kai lita 20 zuwa 25 a minti, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na wannan jini tsokoki ne ke karɓarsa. Bugun zuciyar matashi ɗan shekara 20 yana iya kusantar 200 a minti.

Abin lura a nan shi ne, wannan canji ba ya aukuwa cikin ƙiftawar ido. Sai hanyoyin jini na cikin tsoka sun buɗe, na cikin hanji sun tsuke, sa'annan hanyoyin da ke ciyar da ita kanta zuciya sun faɗaɗa. Idan aka zabura da gudu kafin haka ta samu, zuciya za ta shiga aiki mai nauyi alhali jinin da ke isa gare ta bai ishe ta ba.

An gwada wannan a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles a Amurka, aka buga sakamakon a 1973. Wani masani, R. James Barnard, da abokan aikinsa sun sa maza 44 waɗanda ba su da wata alamar ciwon zuciya su yi gudu mai tsanani na 'yan daƙiƙoƙi a kan na'urar gudu, ba tare da sun ɗumama jiki ba. Na'urar auna aikin zuciya ta nuna canjin da bai dace ba a wajen kusan kashi 70 cikin 100 na mutanen. Da aka sake gwajin bayan sassarfar minti biyu kacal, sai wannan canji ya ɓace ko ya ragu a wajen mafi yawan waɗanda aka sake aunawa. Ke nan minti biyu ma ba abin rainawa ba ne, musamman ga iyayenmu da malamanmu da suka haura shekara 40, ko masu fama da hawan jini.

3.2 Tsoka da Gaɓoɓi

Mai karatu ya tuna yadda man ja ko man shanu ke daskarewa a safiyar hunturu, sai an kai shi kusa da wuta ya narke. Tsoka ma tana da irin wannan hali. Idan tana da sanyi takan yi tauri, ba ta miƙewa da sauƙi, ba ta kuma tsukewa da sauri. Ɗumama jiki na minti 10 zuwa 15 yakan ɗaga zafin tsoka da digiri 2 zuwa 3 a ma'aunin Selshiyas. Masana sun kiyasta cewa kowane digiri ɗaya yana ƙara ƙarfin zabura da tsalle da kashi 2 zuwa 5 cikin 100. Bugu da ƙari, jini mai ɗumi ya fi saurin sakin iskar oksijin ga tsokar da ke buƙatarta.

A cikin gaɓoɓi kamar gwiwa da idon sawu akwai wani ruwa mai yauƙi da ke hana ƙasusuwa gogar juna, kamar yadda baƙin mai ke yi a cikin inji. Motsi ne ke sa wannan ruwa ya saki ya bi ko'ina a cikin gaɓa. Shi ya sa wanda ya daɗe a zaune a ɗakin karatu yake jin gwiwarsa ta riƙe idan ya miƙe, amma bayan 'yar tafiya sai ya ji ta sake.

3.3 Ƙwaƙwalwa da Jijiyoyi

Sau da yawa targaɗe da gurɗewa a filin ƙwallo suna aukuwa ne a lokacin da ɗan wasa ya diro daga tsalle, ko ya juya da sauri, ko ya taka rami. A irin wannan lokaci, abin da ke ceton gaɓa shi ne saƙon da ke tashi daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa ya dawo cikin gaggawa, tsokokin da ke kewaye da gaɓar su ɗaure ta. Jijiya mai ɗumi ta fi saurin kai saƙo, kuma maimaita motsin da za a yi a cikin wasa yana tunatar da jiki yadda ake yin sa. Wannan ya fi muhimmanci a gare mu, domin yawancin filayen unguwanninmu na ƙasa ne, da tsakuwa da kwazazzabai da ruwan sama ya haƙa.

4.0 Hujja Daga Filin Ƙwallo

Mai yiwuwa wani ya ce duk wannan bayanin ɗakin gwaji ne, me aka gani a fili? A 2006, sashen binciken lafiya na hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, tare da wasu cibiyoyi na Oslo a Norwe da Santa Monika a Amurka, ya fito da wani tsarin ɗumama jiki da ake kira FIFA 11+. Tsarin yana da motsi iri 15, yana ɗaukar kimanin minti 20, kuma an kasa shi kashi uku:

(a) Minti 8 na gudu mai sauƙi, haɗe da buɗe cinya da rufe ta, da tafiya a kaikaice, da kewaya abokin wasa.

(b) Minti 10 na ƙarfafa tsokar ciki da ta cinya, da tsayuwa da ƙafa ɗaya, da koyon tsalle da dira.

(c) Minti 2 na gudu mai sauri tare da tsayawa da juyawa.

An fara gwada shi a Norwe a kan 'yan mata 1,892 masu shekara 13 zuwa 17. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna cewa raunuka sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a ƙungiyoyin da suka bi tsarin, raunuka masu tsanani kuwa sun ragu da kusan rabi.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne gwajin da aka yi a gasar matasa ta Legas, aka buga shi a 2014. An ɗauki ƙungiyoyi 20 masu 'yan wasa maza 416, 'yan shekara 14 zuwa 19. Wasu ƙungiyoyin suka bi tsarin FIFA 11+, wasu suka ci gaba da abin da suka saba. A ƙarshe, raunuka gaba ɗaya sun ragu da kashi 41 cikin 100 a wajen waɗanda suka bi tsarin, raunukan cinya da gwiwa da ƙafa kuma da kashi 48. Waɗannan yara 'yan Nijeriya ne kamar mu, kuma tsarin ba ya buƙatar wani kaya mai tsada. Ƙwallo da 'yan alamomi a ƙasa sun isa, ko da duwatsu ne ko takalma.

A ganina, ɗalibi ya fi ƙwararren ɗan wasa buƙatar wannan kariya. Ɗan wasan babbar ƙungiya idan ya ji rauni akwai mai duba shi. Ɗalibi kuwa idan jijiyar cikin gwiwarsa ta tsinke a gasar sassa, shi da iyayensa ne za su ɗauki nauyin magani, ga hawa benen ɗakin lacca da sanda, ga jarrabawa ba ta jiran kowa. Irin wannan rauni idan ya kai ga tiyata, komawa fili kan ɗauki wata tara ko fiye. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani.

5.0 Miƙa a Tsaye Ba Ita ce Ɗumama Jiki Ba

Ra'ayi na farko da nake son gyarawa shi ne na miƙa. Da yawa daga cikinmu idan aka ce a ɗumama jiki, sai mutum ya ɗora ƙafa a kan benci ya sunkuya, ko ya kamo ƙafarsa ta baya ya riƙe, ya ƙirga talatin, shi ke nan ya gama. Wannan miƙa ta tsaye ba ta ɗaga bugun zuciya, ba ta kuma ƙara wa tsoka zafi.

A shekarar 2000 an buga wani bincike da aka yi a kan kuratan soja 1,538 a Ostireliya. Dukkansu sun riƙa ɗumama jiki kafin atisaye, amma aka ƙara wa rabinsu miƙar tsaye. Bayan mako 12 na horo, ba a sami wani bambancin kirki ba tsakanin ɓangarorin biyu wajen yawan rauni. Daɗin daɗawa, bincike da dama sun nuna cewa riƙe tsoka ɗaya a miƙe na minti ɗaya ko fiye kafin wasa yana ɗan rage mata ƙarfi na wani lokaci.

Ba ina cewa miƙa ba ta da amfani ba ne. Tana ƙara wa gaɓoɓi laushi, amma wurinta shi ne bayan an gama, lokacin da tsoka ke da ɗumi. Kafin wasa, miƙar da ake so ita ce ta cikin motsi, kamar wurga ƙafa gaba da baya, da ɗaga gwiwa yayin tafiya, da juya kafaɗa da ƙugu.

6.0 Yadda Ake Ɗumama Jiki

6.1 Matakai Huɗu

Ga tsari mai sauƙi da kowa zai iya bi, namiji ko mace, a fili ko a harabar ɗakin kwana:

(a) Tayar da jini (minti 5). A fara da tafiya mai sauri, a koma sassarfa. Ma'auninsa shi ne mutum ya iya magana da na kusa da shi ba tare da numfashinsa ya sarƙe ba.

(b) Sakin gaɓoɓi (minti 4). A juya idon sawu, da ƙugu, da kafaɗa. A yi tafiya ana ɗaga gwiwa zuwa ƙirji, sa'annan ana taɓa ɗuwawu da diddige. A wurga kowace ƙafa sau goma.

(c) Tayar da tsoka (minti 4). A tsuguna a miƙe sau goma, gwiwa tana kallon inda yatsun ƙafa ke kallo, kada ta karkata ciki. A tsaya da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 30, a canza. Masu ƙwallo su ƙara da wannan: mutum ya durƙusa, abokinsa ya danne masa idon sawu, shi kuma ya riƙa tafiya gaba a hankali da jikinsa a miƙe har ya tare ƙasa da hannu. Wani nazari da ya tattara bincike da yawa a 2019 ya nuna cewa tsare-tsaren da suka ƙunshi wannan motsi suna rage raunin tsokar bayan cinya da kusan rabi. Sabon shiga ya fara da sau uku zuwa biyar, domin yana sa tsamin jiki a farko.

(d) Kwaikwayon wasan (minti 3). A yi abin da za a yi a cikin wasa, amma da rabin ƙarfi, ana ƙarawa. Ɗan ƙwallo ya fara da gajeren fasin kafin dogon shot. Mai gudu ya yi gajerun zabura uku ko huɗu.

Alamar jiki ya shirya ita ce ɗan gumi a goshi da ɗan ƙaruwar numfashi, ba tare da gajiya ba. Wanda tafiya ce kawai motsa jikinsa, ya isa ya fara minti biyar na farko a hankali.

6.2 Ɗumi Yana Gushewa

Ɗumin da aka samu ba ya daɗewa idan aka zauna. Wani bincike da aka yi a Denmak, aka buga a 2004, ya gano cewa a cikin hutun rabin lokaci na minti 15, zafin tsokar cinyar 'yan ƙwallo ya sauka da kimanin digiri 2, saurin gudunsu kuma ya ragu da fiye da kashi 2 cikin 100 a farkon zagaye na biyu. Waɗanda suka ɗan motsa a ƙarshen hutun ba su sami wannan raguwa ba. Wannan ne dalilin da ya sa koci ke tayar da 'yan benci su yi ta kai-komo a gefen fili kafin ya sa su. Darasi ne kuma ga gasanninmu na makaranta, inda akan ɗumama jiki sa'annan a tsaya jiran babban baƙo na tsawon awa guda.

6.3 La'akari da Yanayin Gombe

A watannin Disamba da Janairu, sanyin asuba a Gombe yakan sauka ƙasa da digiri 15 a wasu ranaku, ga busasshiyar iska da ƙura. A wannan lokaci a tsawaita ɗumama jiki zuwa minti 20, a bar rigar sanyi a jiki har sai gumi ya fara fitowa. Masu ciwon asma su ƙara kula, domin busasshiyar iska mai sanyi tana tsuke hanyar numfashi, kuma shiga motsi a hankali yana rage wannan. Kada su rabu da maganin shaƙarsu.

A watannin Maris da Afrilu kuwa, lokacin da zafin rana ke kaiwa wajen digiri 40, a gajarta shi zuwa kamar minti 10, a yi a inuwa, a sha ruwa tun kafin a fara. Manufar ita ce a ɗumama tsoka, kada a ƙone ƙarfin da za a yi wasa da shi. A watan azumi ya fi dacewa a bar atisaye mai nauyi sai bayan an sha ruwa.

7.0 Hucewa

7.1 Amfaninta na Haƙiƙa

Zuciya tana tura jini zuwa ƙafa cikin sauƙi, amma dawowarsa sama hawan tudu ne. Abin da ke taimaka masa shi ne tsokar sha-raɓa da ta cinya. Duk lokacin da suka tsuke sai su matse hanyoyin jini, wasu 'yan marafai da ke cikin hanyoyin kuma su hana shi komawa ƙasa. Saboda haka ne wasu masana ke kiran sha-raɓa zuciya ta biyu.

To, idan mutum yana cikin gudu ya tsaya cak, wannan famfo ya daina aiki, alhali hanyoyin jinin ƙafa suna nan a buɗe. Sai jini ya taru a ƙafafu, wanda ke komawa zuciya ya ragu, wanda ke isa ƙwaƙwalwa ma ya ragu. Daga nan sai jiri, da duhun ido, da tashin zuciya, wani lokaci har da suma. Zafi da ƙarancin ruwa a jiki suna ƙara tsananta abin. A wani bincike da aka yi a kan masu tseren kilomita 56 a Afirka ta Kudu, aka buga a 1994, kashi 85 cikin 100 na waɗanda suka faɗi sun faɗi ne bayan sun tsallake layin ƙarshe, wato bayan sun daina gudu. Maganin wannan shi ne kada a tsaya. A ci gaba da tafiya.

7.2 Abin da Hucewa Ba Ta Yi

Ra'ayi na biyu da ya kamata a gyara shi ne cewa hucewa tana wanke wani sinadari mai tsami, wato laktik, daga tsoka, don haka tana hana tsamin jiki washegari. Gaskiya ne motsi mai sauƙi yana hanzarta fitar wannan sinadari daga jini, amma ko an zauna ma yakan koma daidai cikin kamar awa ɗaya. Tsamin jikin da ke zuwa bayan kwana ɗaya zuwa uku yana faruwa ne saboda ƙananan yagewa a cikin zaren tsoka, musamman idan an yi aikin da jiki bai saba ba. Wani nazari da aka buga a 2018, wanda ya duba binciken da aka yi a kan hucewa, ya nuna cewa ba ta da wani tasiri mai yawa wajen hana wannan tsami. Abin da ke rage shi shi ne ƙara nauyin atisaye kaɗan-kaɗan daga mako zuwa mako, da isasshen barci, da abinci.

Na kawo wannan ne domin wanda ya yi hucewa don gudun tsamin jiki, idan ya tashi da tsami zai ce abin banza ne ya daina. Wanda ya san don zuciyarsa da jininsa yake yi ba zai daina ba.

7.3 Yadda Ake Yin Ta

(a) A sauko daga gudu zuwa sassarfa na minti 2 zuwa 3.

(b) A koma tafiya na minti 3 zuwa 5, har numfashi ya daidaita.

(c) A miƙe tsokar sha-raɓa, da gaban cinya da bayanta, da matsematsi, da kafaɗa, kowace na daƙiƙa 15 zuwa 30, ba tare da fizga ba, ba kuma har a ji zafi ba.

(d) A sha ruwa kaɗan-kaɗan. A lokacin hunturu a cire jiƙaƙƙiyar riga kafin a hau babur.

8.0 Gargaɗi

Wajibi ne in faɗi iyakar abin. Ɗumama jiki ba ya warkar da ciwon zuciya da ke ɓoye. Samuel Okwaraji ya faɗi ya rasu a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, ana tsakiyar wasa da Angola. Marc-Vivien Foé na Kamaru ya rasu ranar 26 ga Yuni, 2003 a birnin Liyon na Faransa, a wasa da Kolombiya. Dukkansu ƙwararru ne masu cikakken horo, kuma binciken likitoci ya danganta rasuwarsu da matsalar zuciya. Saboda haka duk wanda yake jin ciwon ƙirji yayin motsa jiki, ko bugun zuciya marar tsari, ko ya taɓa suma yana cikin gudu, ko wani a danginsu ya taɓa mutuwar fuju'a yana matashi, ya dakata ya ga likita tukuna. Ga asibitin makaranta, ga Asibitin Ƙwararru na jiha, ga kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya, duk a cikin garin Gombe.

Idan wani ya ji jiri bayan ya tsaya, yana numfashi kuma yana amsa kira, a kwantar da shi a inuwa a ɗaga ƙafafunsa sama, a ba shi iska. Amma idan ya faɗi yana tsakiyar gudu, ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata, to kada a ɓata lokaci wajen fifita da ɗura masa ruwa a baki. A fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya nemo mota da ma'aikacin lafiya. Irin wannan taimakon gaggawa, haɗe da na'urar farfaɗo da zuciya, shi ya ceci Christian Eriksen na Denmak da ya faɗi a fili ranar 12 ga Yuni, 2021, har ya dawo buga ƙwallo a 2022.

9.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala na yi ƙoƙarin nuna cewa jikin ɗan'adam yana buƙatar lokaci kafin ya tashi daga hutu zuwa aiki, yana kuma buƙatar lokaci kafin ya sauko. Ɗumama jiki ta hanyar motsi yana shirya zuciya da tsoka da jijiya, kuma gwajin Legas ya nuna yana iya rage rauni da kusan kashi 40 cikin 100. Hucewa kuma tana hana jini taruwa a ƙafa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako. Wanda rauni ya kwantar ba zai cika ko rabin wannan ba. Don haka ina kira ga shugabannin wasanni na ƙungiyoyin ɗalibai da kyaftin-kyaftin na sassa da su sa minti 20 na ɗumama jiki a cikin jadawalin kowane wasa, a yi shi tare, a kuma yi shi aƙalla sau biyu a mako a lokacin atisaye. Haka nan masu horar da yara a unguwanni su koya masu tun suna ƙanana, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga wanda ya makara kuwa, gara ya bar minti goma na farkon wasa su wuce shi yana sassarfa a gefen fili, da ya shiga da sanyin jiki. Sannu ba ta hana zuwa.